Gyara da Gori: Darasin da Kwamfutar Kawu Ta Koya Mani

Mai karatu, in dai kai ne "ɗan kwamfuta" na gidan ku, to ka san irin kiran da na ke nufi. Ka na zaune da yamma ka ɗauko littafi, ko ka saka fim, sai waya ta buga: "Zo ka duba mana abin nan, ta ƙi yi." Ba a faɗa maka abin da ta ƙi yi ba, ba a kuma tambayi ko ka na da sukuni ba. Kai ma ba wani injiniya ba ne, kawai an taɓa ganin ka ka gyara wani abu sau ɗaya, shi kenan sarautar ta faɗo kan ka har abada.

Ni a gidan mu kwamfutar Kawu ce jarrabawa ta. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya ya sayi ta-hannu 'yar gwanjo domin ya rubuta tarihin zuriyar mu. Na farko ta riƙa mutuwa da kan ta bayan minti 20, ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fankar ciki, zafi ya na kashe ta. Na biyu ta ƙi buɗe shafukan intanet, ashe ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata kwanan wata ne ya mutu, ta koma wata shekara can baya. Na uku wani ya loda mata maganin bairos har kala biyu, su na ta kokawa da juna, ita kuma ta na tafiyar hawainiya. Duk na gyara. Amma ka san ladan? Duk abin da ya sake faruwa sai in ji an ce, "Ai tun da ka taɓa ta ba ta koma daidai ba."

Ran na huɗu ne abin ya faru. Kawu ya kai filash ɗin sa shagon buga takardu, ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar maka hoton ƙofa na bogi. Hankalin sa ya tashi, ya zaci rubutun sa ya salwanta. Ni na san ba abin da ya ɓata, ɓoye su kawai aka yi, kuma cikin minti 10 na fito da su. Amma a cikin minti goman nan na faɗi abin da har yau na ke jin kunyar sa. Ni da kullum "ku" na ke ce masa, ran nan sai na ji baki na ya ce, "Kawu, sau nawa zan gaya maka? Kullum ni ne, ba ni da wani aiki sai wannan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Bar ta haka nan."

Bai sake kira na ba. Na ma ji daɗi, wallahi. Bayan wata biyar aka ɗauke wuta ta na tsakiyar sabunta Windows, batirin ta kuma ya daɗe da mutuwa, sai ta ƙi tashi. Kawu ya kai ta kasuwa gun wani mai gyara, shi kuma ya bi hanya mafi sauƙi: ya goge komai ya ɗora sabuwa. Rubutun shekara uku ya tafi, sai 'yan babi na farko da su ka rage a filash. Hotunan marigayiya matar sa ma su ka bi. Da ni ne, abu na farko da zan yi shi ne in kwashe fayil ɗin kafin in taɓa komai. Amma na riga na rufe wa kai na wannan ƙofar.

To ga tambayar, mai karatu: laifin wa? Kada ka yi saurin cewa nawa ne kaɗai, don mai gyaran gida ma ya na da haƙƙi. Lokacin sa ake ci ba a biya, ba a ma lissafa shi a matsayin aiki. Ɗan'uwa tela in ya yi maka ɗinki ka kan ce "nawa ne?" ko da ba zai karɓa ba, amma mai kwamfuta gani ake "danne-danne" kawai ya yi. Sannan ba a faɗa masa gaskiya. Ka tambayi me aka taɓa, a ce "ba komai, haka kawai ta yi." Wannan duk ya isa ya ɓata rai.

Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga zaɓi uku ne a gaba na ran nan. In gyara da daɗin rai. Ko in ce, "Kawu, yau ba ni da hali, sai Asabar," wanda ba laifi ba ne, don ɗan'uwa ba bawa ba ne. Ko in gyara in haɗa da gori. Na ɗauki na ukun, ina ganin ai na yi alheri tunda dai na gyara. Ashe shi ne mafi muni. Wanda ka ce wa "ba yanzu ba" zai dawo gobe. Wanda ka taimaka ka wulaƙanta, ya biya ka da mutuncin sa, kuma ba zai yarda ya sake biyan wannan farashin ba, ko da zai yi asara.

Kuma me ya ba ni haushin? Jahilcin sa? Mutumin da ya riƙe hannu na ya koya mani rubuta baƙi, bai taɓa cewa "sau nawa zan gaya maka" ba. Sanin da na ke taƙama da shi ba hazaƙa ba ce, zamani ne kawai ya haife ni a daidai lokacin sa. Wata rana 'ya'yan mu za su riƙe wata na'urar da mu ma za mu tsaya mu na kallo kamar baƙauye a tasha.

Irin wannan kira ba raguwa zai yi ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, alhali tsofaffin kwamfutocin da ke gidajen mu da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Saboda haka wayar ka za ta sake bugawa. In ta buga, ka duba zuciyar ka kafin ka duba na'urar. In ba za ka iya da fara'a ba, ka ɗaga ranar. In ka je, ka fara da kwafe masu ajiyar su a wani wuri daban. Kai kuma mai kira, ka faɗi gaskiyar abin da ka danna, ka kuma ce "sannu da aiki."

Kawu ya soma rubutun daga farko, a littafi da biro. Ni na ke zuwa duk Asabar ina buga masa.