Mas'ala A Kan Jinyar Jarirai Da Rasa Zaman Zikiri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa, wani muridi ya zo mini da mas'ala. Ya ce yana kwana hidima a asibitin jinƙai inda ake kwantar da jarirai masu tamowa, har zaman zikiri yana kuɓuce masa, zuciyarsa ta shiga ƙunci. Ya ce: "Malam, shin in bar hidima in koma zawiya?"

Na ce masa: ɗana, ni ma na san irin wannan ɗaki. A shekara ta 2005, bayan fari da fara sun lalata amfanin gona a ƙasar Nijar, na je Maraɗi, inda likitocin agaji na MSF suke jinyar yara dubbai. Na ga ana zagaya damtsen yaro da wani ɗan tsiri mai launi. Idan ya tsaya a kan ja, yaron yana cikin haɗari. Na ga wanda ya galabaita ba a cika masa ciki gaba ɗaya, domin hakan yana iya kashe shi. Madara ta musamman ake ba shi kaɗan-kaɗan, bayan kowace sa'a 2 ko 3, dare da rana, a kuma lulluɓe shi saboda sanyi. Wanda ya yi barci a kan wannan amana, mai yiwuwa asuba ta iske yaron ya cika.

To ka sani, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don tausayin uwarsa. Idan an taƙaita salla saboda kukan jariri mai lafiya, ina ga zaman zikiri saboda jaririn da yunwa ta hana shi ko da kukan? Wuridinka ka rama shi idan gari ya waye, amma rai idan ya fita ba a rama shi.

Kuma ka tuhumi nafsinka. A zawiya 'yan'uwa suna ganinka, shehu yana sa maka albarka. Jariri kuwa bai san sunanka ba, ba zai gode maka ba, kashi da amai ne rabonka gare shi. Nan riya ba ta samun abin ci, shi ya sa aikin yake yi wa rai nauyi.

Idan ka ce: sau da yawa ina kwana a kan yaro, kuma ya mutu a hannuna, ina amfanin wahalata? Sai in ce: riƙo da sababi aka umurce ka, ba a ɗora maka ajali ba. Annabi da kansa, ɗansa Ibrahimu ya rasu yana shan nono, idanunsa suka zubar da hawaye, bai faɗi kome ba face abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Saboda haka tsare farillanka a kan lokaci, ka koma ga jariranka, hannunka yana riƙe da moɗar madara, harshenka yana ambaton Allah. Allah Shi ne Mafi sani.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin. Tammat bi hamdillahi.