Launin Ruwan da ke Tsatsowa a Gindin Dam

Duk matar da ke da randa a tsakar gida ta san randa tana zufa, kuma wannan danshin ba aibi ba ne, shi ne ma ke sanyaya ruwan. Amma ranar da ta ga ɗigo ya kama wuri guda, gindin randa ya zama caɓi, ba ta jiran a gaya mata cewa tsaga ta shiga. Haka dam ɗin ƙasa yake. Babu madatsar da aka gina da ƙasa wadda ruwa ba ya ratsa ta a hankali. Abin dubawa shi ne yadda ruwan ke fita da kuma launinsa.

Ƙasar Kano ta san irin waɗannan madatsu tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Tiga ce aka fi ambato saboda girmanta, amma akwai ƙanana birjik a karkara, waɗanda aka tare ƙorama da tudun laka da jar ƙasa aka daɓe. Su ne ke riƙe ruwan marka kada ya afka wa ƙauye lokaci guda, su shayar da dabbobi, su raya lambu da rani. Alherinsu ba ya ƙidayuwa, shi ya sa nake jin zafin yadda ake sakaci da su.

Ka zagaya bayan dam, can gindinsa ta ɓangaren da babu ruwa. Idan ka tarar da danshi, ko ruwa garai-garai yana tsiyaya kaɗan-kaɗan kamar yadda ya saba, hankalinka ya ɗan kwanta. Idan kuwa ruwan ya gurɓace, ya yi ja ko ya yi kalar laka, to cikin dam ɗin ne yake fitowa da shi. Ruwa ya sami hanya, yana kwasar ƙasa ƙwaya-ƙwaya, hanyar tana faɗaɗa daga ciki inda ido ba ya gani. Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba: ɗebi ruwan a farar gora, ajiye ta a inuwa, ka dawo bayan ɗan lokaci. In laka ta kwanta a gindin gorar, maganar ta wuce a bari sai gobe. Haka nan in ruwan da ke fita ya ƙaru alhali na cikin dam bai ƙaru ba, ko wani wuri a saman tudun ya lotsa.

Me ke buɗe wa ruwa wannan hanya? Abubuwan da muke wucewa kullum ba mu ɗauke su komai ba. Gara ta kafa suri a jikin tudu, ƙarƙashinsa duk rami ne. Gafiya ta haƙa gidanta. Darbejiya ko bagaruwa ta tsiro, aka bar ta don inuwa, saiwarta ta kutsa tana neman ruwa. Ranar da bishiyar ta mutu, saiwar ta ruɓe, ta bar rami daga wannan gefe zuwa wancan. Don haka tun tana ƙarama ake cire ta. Wadda ta riga ta girma kuwa ba a sare ta da ka a bar kututture, sai da injiniya, a tone saiwar a cike gurbin a daɓe. Ciyawa irin kiri-kiri ita ce abokiyar dam, tana riƙe ƙasa ba ta zurfafa saiwa. Shanu ma in suka mayar da wuri guda hanyar gangarawa mashaya, kofatonsu na yanka kwari, ruwan sama ya ƙarasa aikin.

Akwai kuma wanda hannunmu ke yi da gangan. Kowane dam yana da mafitar da aka bar wa rarar ruwa, a gefe, ƙasa da saman tudun. Sai ka ga masu lambu sun jera buhunan yashi sun toshe ta, wai don ruwa ya kai su ƙarshen rani. Na fahimci bukatarsu, mai tumatir da albasa ba ya son ganin ruwa yana tafiya a banza. Amma dam ɗin ƙasa ba ya jure ruwa ya haura kansa. Da ya haura zai fara cin bayan tudun, kafin a ankara ya yanke shi. Ga kuma yashi da laka da ke taruwa a ciki shekara da shekaru, har dam ɗin da ake gani cike ya zama rabinsa ƙasa ce, ba shi da wurin karɓar ruwan dare ɗaya mai ƙarfi.

Mun ga abin da ke biyo baya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa. A watan Satumbar 2024 ta Alau, da ke kan kogin Ngadda, ta saki ruwa cikin dare ya mamaye Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Ƙaramin dam na ƙauye in ya tafi da gonaki da rumbuna da gidajen da ke kwari, sau da yawa labarin ba ya wuce ƙaramar hukuma.

Abin da ya fi damuna shi ne, masu ganin alamun nan suna nan kullum. Makiyayi yana bi ta kan tudun safe da yamma, masunci ya san inda ruwa ke juyawa yana nutsewa, mata masu wanki sun san ranar da tsiyayar ta canza launi. Ba a taɓa zaunar da su an ce ga ma'anar abin da kuke gani, ga wanda za ku gaya wa ba. Ana ƙaddamar da dam da kiɗa da jawabi, motoci su tashi, ba a bar mai kula ko ɗaya ba. Ya kamata dagaci da sarkin ruwa su san lambar injiniyan hukumar da ke da dam ɗin, mutanen kwari su san tudun da za su nufa in an yi shela da dare. Gyara kuwa lokacinsa bazara ne, sa'ad da ruwa ya ja baya, jikin tudun ya fito fili, katafila na iya shiga ta yashe ciki ta buɗe mafita. Wanda ya bari sai Agusta, ko ya samo kuɗin, mota ba za ta iya isa wurin ba.