Isnadi a Bakin Kanal ɗin Kura

A shekarar 2016, tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta afka wa gonakin tumatir na Kura, Bunkure da Kadawa. Takan shige cikin ganye ta cinye tsokarsa, ta bar fatar fari fat, sannan ta huda ɗanyen tumatir ya ruɓe tun yana jikin uwarsa. Har masana'antar Dangote da ke Kadawa sai da ta dakata saboda rashin kaya. Masana kuwa sun daɗe da sanin ƙwaron: Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ya shiga Sifaniya a 2006. An yi ta rubutu a kansa, amma a mujallun da manomin rani bai taɓa jin sunansu ba.

Yau ɗalibin da ya taso a Dawakin Kudu, yake karatun aikin gona a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, yana iya zama a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga, ya buɗe Semantic Scholar a wayarsa. Cibiyar Allen da ke Amurka ce ta fito da wannan manhaja ta ƙirƙirarriyar basira a 2015, kyauta, kuma tana ɗauke da takardun bincike sama da miliyan 200. Ya rubuta sunan ƙwaron, kafin shayinsa ya huce sakamako ya cika fuskar waya.

A nan wasu dattawa ke ɗaga gira: ilimin da ba a zubar masa da gumi ba, yana da albarka kuwa? Sukan tuna Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya.

Sai dai ba wahala Jabir ya fita nema ba. So yake ya ji daga bakin wanda ya ji. Tabbaci ne manufar isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya karɓo, yaya gaskiyarsa da haddarsa. Ta wannan fuska manhajar tana da dangantaka da tsarin malaman hadisi, domin tana nuna wa ya dogara da wa, da masu binciken da suka ambaci takarda daga baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne taƙaitawa. Na'urar takan dunƙule shafuka ashirin cikin jimla guda, wasu manhajojin hira ma kan ƙago sunan takardar da ba a taɓa rubutawa ba. Marawaicin da ba ya jin kunya, ba ya tsoron hisabi, ba a rataya masa amana. Manhajar jagora ce mai nuna ƙofa. Shiga ɗaki da tantance kaya aikin ɗalibi ne.

Akwai kuma abin da idonta bai kai ba: kundin digirin da ke kan kanta a jami'ar da ke Samaru ba a ɗora shi a intanet ba, da sanin manomin da ya shekara talatin yana ban ruwa a Bunkure. Maganin da ya yi aiki a rumfar gilashi a Sifaniya yana iya gazawa a hunturun Kano. Idan ɗalibin ya koma gida, kawunsa zai tambaye shi wane magani zai fesa, kuma da kuɗin tumatir ɗin bara zai saya.