Bashin Taki Da Farashin Kaka A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu yi magana ne a kan hawa da saukar farashin amfanin gona daga wata zuwa wata, da kuma bashin da manomi yakan ci domin sayen taki da iri da mai. Za mu ɗauki misali da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, yankin da ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda garuruwa irin su Sharabi da Kaoje da Illo da Lolo da Tsamiya suke, gama abin da ke faruwa a can ya isa ya zama madubi ga sauran ƙasar Hausa.

Kowane manomi ya san yadda shekara take juyawa. Daga Oktoba zuwa Disamba, gero da dawa da masara da shinkafa sukan cika kasuwa, farashi ya faɗi. Daga wajen Maris ya fara ɗagawa, har ya kai maƙura a Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. To, watannin tsadar nan su ne watannin da manomi ke neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, alhali ba shi da abin sayarwa. Watannin da yake da abin sayarwa kuma su ne na araha.

A 'yan shekarun nan abin ya ƙara tsanani. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafar gida ta yi daraja, amma ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a Kebbi. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, taki ya yi tsada a duniya. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, mai noman rani da ke ba gonarsa ruwa da inji ya ji a jikinsa. Naira ta faɗi, har mai riƙe da sefa daga ƙetaren iyaka ya riƙa ganin hatsinmu da araha, mu kuwa muna ganinsa da tsada. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan Yuli na shekarar gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko ƙwarai, taki kuwa bai biyo shi ba. Mai saye ya yi murna, wanda ya noma da bashi ya yi tagumi.

Mutane sukan ce, me ya hana hukuma ta yanke farashi kowa ya huta? An yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan roƙo a Madina sa'ad da kaya suka yi tsada, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas ɗan Malik. Bai yanke ba, ya bayyana musu cewa ƙunci da yalwa suna hannun Allah, kuma ba ya so ya gamu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a wuyansa. Wasu malamai sun yarda shugaba ya sa wa 'yan kasuwa iyaka idan zalunci ya bayyana, amma ba su yarda a tilasta wa manomi ya sayar da abin da ya noma a kan farashin da zai karya shi ba. Inda Shari'a ta fi sa ido shi ne a kan cinikin da ke gudana tsakanin mai kuɗi da manomi, kuma a nan ne mafi yawan ɓarna take.

Ga yadda abin yake tafiya. Damina ta kama, manomi ya je wurin attajiri, aka ba shi kuɗi ko buhunan taki, a kan zai biya da shinkafa idan kaka ta yi. Asalin wannan ciniki halal ne, malaman fiƙihu suna kiransa salam. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itatuwa tun shekara ɗaya ko biyu kafin su karɓa, bai hana su ba, sai ya sharɗanta musu sanannen awo da sanannen nauyi da sanannen lokaci. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san ƙarin bayanin da mazhabar Maliku ta yi: a miƙa kuɗin tun a farko, ko a jinkirta kwana biyu zuwa uku kawai, a siffanta kayan da za a kawo, kuma kada abin da aka bayar da abin da za a karɓa su zama jinsi ɗaya.

Sai mu auna cinikinmu da waɗannan sharuɗɗa. Idan aka ce buhu kaza, wane buhu ne? Kowa ya san akwai buhun da ake cikawa a ɗinke bakinsa, akwai wanda ake ɗora wa hula har ya ci tiya da yawa fiye da na farko. Idan ba a faɗi adadin mudu ko nauyi ba tun ranar ƙulla ciniki, to, awon bai zama sananne ba, kuma ranar biya mai ƙarfi ne zai zaɓi buhu. Haka nan idan aka ce a biya a kan farashin da attajiri zai faɗa ranar kaka, wannan ma ciniki ne a kan jahilci. Wanda kuma ya ba da buhun masara ɗaya da damina domin ya karɓi biyu da kaka, wannan riba ce tsantsa, ko da wane suna aka kira ta, domin abinci ne da abinci, da ƙari da jinkiri.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo bayan asara. Ruwa ya ci gona, ko tsuntsu ya sauka, manomi ya kasa cika alkawari, sai a ce masa buhu biyar na bana sun zama takwas baɗi. Wannan ita ce ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya yi wa mummunan gargaɗi a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma a wurin nan ne aka umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Gonaki da yawa ta wannan hanya suke fita daga hannun masu su, ba tare da an taɓa jin ƙarar kowa a gaban alƙali ba.

Amma kada manomi ya ɗauka wa'azin na attajiri ne kaɗai. Wanda ya karɓi kuɗin salam a watan Yuni, da kaka ta yi ya ga farashi ya fi yadda ya zata, sai ya kwashe shinkafar da dare ya kai wa wani, ko ya jiƙa ta, ko ya zuba tsakuwa a gindin buhu, ya ci amana. Haka wanda ya karɓi taki a ƙarƙashin shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ya sayar da shi a kasuwa yana cewa rabonsa ne na gwamnati. Bashi bashi ne, ko na hukuma ne.

Game da ajiyar hatsi, Muslim ya ruwaito hadisin da ya kira mai ɓoye kaya mai laifi. Malamanmu sun bambanta tsakanin manomin da ya ajiye abin da ya noma a rumbunsa yana jiran farashi ya gyaru, wanda ba laifi a kansa, da ɗan kasuwar da ke kwashe abin da ke kasuwa lokacin ƙunci domin ya ƙuntata wa jama'a. Sayen hatsi da kaka sa'ad da ya wadata, a ajiye, ba ya cikin hanin, har ma yakan tallafi farashi ga manomi. An kuma hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su isa kasuwa su ji yadda ake sayarwa, abin da 'yan tare ke yi a bakin garuruwanmu kowace ranar kasuwa.

Saura maganar zakka, wadda tsadar taki ta sa ake yawan tambaya a kanta. Idan hatsi ya kai wasaƙi biyar, ana fitar da ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar shinkafar rani ta inji. A mashahurin zance na mazhabar Maliku ba a cire kuɗin taki ko bashi kafin a fitar da zakkar hatsi, ko da yake wasu malamai na wasu mazhabobi sun yi rangwame a kan bashin da aka ci domin gonar. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu kawo hujjojin kowane ɓangare, da hukuncin albasa da sauran kayan lambu. Allah ne mafi sani.