Haƙƙin kifin da aka yi koto da shi

A arewacin Amurka, wajajen jihohin Wiskonsin da Minesota da Mishigan, tafkuna kan daskare da hunturu har mutum ya yi tafiya a kansu. Masu sha'awar su sukan huda ƙanƙarar, su gicciya wani ɗan katako a bakin ramin, mai ɗauke da zare da ƴar tuta da aka lanƙwasa. A ƙarshen zaren akwai ƙaramin kifi mai rai, an soka masa ƙugiya a gadon baya, inda ba zai mutu da wuri ba, domin mutsu-mutsunsa ne ke kiran babba. Da babban ya cafke shi sai tutar ta miƙe, mai fako ya sheƙo a guje. Cikin abin da ake nema, inda doka ta bari, har da maski, kifi mafarauci da kan haura mita guda. Galibin masu kama shi ba ci suke yi ba. Su auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Mu nan ƙanƙararmu ta firji ce, amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, don duk wanda ya san sana'ar su, daga tafkin Madarumfa da ke kudu da Maraɗi har kogin Isa, ya san kifi mai cin ƴan'uwansa irin giwan ruwa ya fi kawo wa koto mai motsi. Tambayar ita ce: wannan ƙaramin da aka soke da ransa, yana da haƙƙi a kanmu ko ba shi da shi?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce kifi ba a yanka shi. Gaskiya ne. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa, hadisi ya halatta mushen ruwa, mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa ta fi kowace buɗe ƙofa a nan. Sai dai wannan hukuncin nama ne, yana gaya mana abin da za mu sa a tukunya. Yadda za a bi da dabbar tana da rai wata mas'ala ce daban, kuma nassinta bai ware kifi ba. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya nuna Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har ya kawo misali da kisa da yanka: a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Muslim ya kuma ruwaito daga Ibn Abbas hanin a mai da mai rai abin gwajin harbi, kuma Abdullahi ɗan Umar ya tarwatsa samarin da ya iske sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa. Abin da ya haɗa nassoshin nan shi ne ƙin a tsawaita wa mai rai azaba alhali ana iya gajarta ta. Koto mai rai kuwa amfaninsa duka yana cikin tsawaitawar. In ya mutu da wuri, ya lalace.

Wani zai ce ai Imamu Malik da kansa an tambaye shi game da kifin da ake yankawa gunduwa-gunduwa ko a jefa wuta tun bai mutu ba, ya ce babu laifi. An ruwaito haka. Amma Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1126, ya nuna a littafinsa al-Bayan wat-Tahsil cewa a wata ruwayar Malik ya ƙyamaci hakan, ƙyama marar tsanani. Da kifi daidai yake da kabewa a wajensa, da ba abin da zai kawo maganar ƙyama. Kuma ko a ruwayar da ta sassauta, wanda ya jefa kifi wuta ci zai yi, wahalar ta ɗan lokaci ce. Bai kamata a ɗauki wannan sassauci a shimfiɗa shi kan kifin da zai kwana da ƙarfe a bayansa ba.

Sai masu cewa kifi ba ya jin zafi, tunda ba ya kuka, fuskarsa kuma ba ta canzawa. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka gano jijiyoyin da ke karɓar saƙon rauni a kan wani kifin ruwan sanyi. Da aka sa wa wasunsu dafin zuma ko ruwan tsami a leɓe, sai numfashinsu ya ƙaru, suka jinkirta komawa ga abinci, wasu suna goga bakinsu a tsakuwa. Akwai masanan da ba su yarda ba, irin su James Rose na Jami'ar Wayomin, wanda ya ce kifi ba shi da sashen ƙwaƙwalwar da ɗan Adam ke jin ciwo da shi, don haka motsin jiki ne kawai. Gardamar ba ta mutu ba. Amma mai imani ba sai ya jira ta mutu ba, don in ana kokwanto ko abu na cutuwa, kuma barinsa ba zai kashe kowa ba, an san ɓangaren da tsantseni yake. Sikotilan ma ta hana koto da kifi mai rai a dokarta ta 2007, ko da yake tsoron yaɗa cuta da baƙin kifaye tsakanin tafkuna na cikin dalilanta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta buƙata, kuma ita nake ganin ta raba masunta gida biyu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukan Maraɗi da Tibiri, ta bambance farautar wasa, wadda ta ce makaruhi ce, da farautar da ba ta wasa ba, wadda ta halatta. Masuncin Madarumfa yana su ne a tafkin da ke ƙanƙancewa da rani yana cikewa da yashi, ga Gulbin Maraɗi da ruwansa ya dogara da abin da ya tsallako madatsar Jibiya. Shigar da tafkin cikin jerin muhimman dausayin duniya na Ramsar a 2019 bai sa masa hatsi a rumbu ba. In ƴar karfasa guda za ta kawo masa kifin da zai ci da gidansa kwana biyu, wahalarta ta sayi wani abu mai nauyi, kuma shari'ar da ta bar maharbi ya saki karensa a kan zomo ba za ta tsananta masa ba. Mai fakon maski fa? Ana yaba masa don ya saki babban, kuma lallai sakin yana kare irin kifin daga ƙarewa. Amma a lissafa: ƙaramin ya mutu bayan doguwar wahala, babban ya sha ƙugiya da ja, ba cikin da ya ƙoshi. Abin da aka samu hoto ne. A ma'aunin Risala, wanda ya saki ya fi wanda ya ci kusa da laifi, duk da ido na ganin akasin haka.

Ana kuma cewa ai ko ba ƙugiya babban kifi zai ci ƙarami, haka Allah ya tsara. Haka ne, amma giwan ruwa ba mukallafi ba ne, ba za a tambaye shi ba. Kuma a cikin ruwa ƙaramin yana da damar gudu ya shige ciyawa, wadda mu muka ƙwace masa.

Uzurin buƙata ma yana da iyaka, kuma nan ne masuncinmu ba zai ce ya tsira gaba ɗaya ba. Tarwaɗa ba ta zaɓen abinci. Tana cin mataccen koto, da hanjin kaza, da gutsuren kifi. Wanda ya soka mai rai domin ta, ya azabtar ne ba tare da dalili ba. Wanda kuma ya kafa ƙugiyoyi ya tafi kasuwar Jiratawa, bai dawo dubawa ba sai bayan kwana biyu, kasalarsa ce ta tsawaita azabar, ba yunwar ƴaƴansa ba. Koto da kwaɗo kuwa ya fi duka wuyar sha'ani, don Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mai magani ya nemi izinin sa shi a haɗinsa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana kashe shi. Malikiyya sun halatta cin na ruwa, wasu mazhabobin sun haramta saboda wannan hadisi. Ko wane ɓangare mutum ya bi, in an hana likita kashe shi domin magani, da wuya a samo wa masunci hujjar soke shi da rai alhali ga tana a bakin tafki, ga kuma mataccen koto a cikin kwalekwalensa.