Makahon da Ya Saita wa Mota Gudu

Kanikawa, masu walda, masu gyaran wutar mota, ku ɗan ajiye sifana ku ji labarin Ralph Teetor.

An haife shi a 1890 a Hagerstown, wani ƙaramin gari a jihar Indiyana ta Amurka. Yana ɗan shekara 5 wuƙa ta ji masa rauni a ido ɗaya, ba a jima ba ɗayan ma ya rufe. Yaron bai koma ɗaka ba. Shagon ƙere-ƙeren danginsa ya shige, yana shafa ƙarfe yana sauraren kukan inji, har a 1912 ya karɓi digirin injiniya a Jami'ar Pennsylvania. Daga baya ya shugabanci Perfect Circle, kamfanin da ya yi suna wajen ƙera ringin fistin.

Ana cewa tuƙin lauyansa ne ya ishe shi: in yana magana sai ya sassauta totur, in yana sauraro sai ya take. Mai ido kan shagala da kallon hanya, shi kuwa a jikinsa yake jin kowace fizga. Wani da tsaki zai yi ya haƙura. Teetor ya shafe shekaru yana gwaji, har a 1950 ya samu takardar mallakar na'urar da ya kira Speedostat. Direba zai zaɓi gudun da yake so, da mota ta kai wurin sai totur ya yi tauri, yana ture ƙafa. Chrysler ta sa ta a motocinta na 1958 da sunan Auto-Pilot, Cadillac ta biyo baya ta kira ta Cruise Control. Maɓallin nan da kuke gani a sitiyarin motocin da ake kawo muku gareji, jikanta ne.

Wallahi abin da Teetor ya dogara da shi kuna da shi. Wane ne yake kasa kunne ya ce metal ya buga tun ba a kwance inji ba? Ku ne. Ilimi ne wannan, kada kowa ya raina muku shi, ku ma kada ku raina. Sai dai kada ku tsaya a cire tsoho a ɗaura sabo. Kayan da ke yawan lalacewa a hannunku, ku tambayi dalili, ku zana gyaransa a takarda, ku kai wa mai walda, ku gwada, in ya ƙi ku sake. Yaran shagonku kuma ku riƙa gaya musu abin da ya sa kowane noti yake inda yake.