Yabanya Ba Ta Cika Rumbu

Duk wanda ya fara raɗa wa shekarar ƙwallo suna "kakar wasa", da alama hannunsa bai saba da hauya ba. Kaka ai lokacin girbi ce, an gama wahala ana ɗaurin dami. Amma sai ka ji gidajen rediyo cikin watan Agusta suna shelar an buɗe sabuwar kaka a Ingila, alhali ko iri ba a zuba ba. A wannan watan Bungudu da Tsafe suna tsakiyar marka, gero ya soma fitar da kai, rumbuna sun yi ƙasa, kowane magidanci idonsa na sama. Sai cikin watan Mayu masu ƙwallo ke yin kakarsu ta gaskiya, a raba kofi, a kori waɗanda suka faɗi, daidai lokacin da manomi yake sharar gona yana jiran ruwan shuka.

Akwai wani gidan kallo da nake leƙawa a Tudun Wadar Gusau, rumfar kwano ce da bencina da janareto mai tari. Makon farko na gasa ya fi kowane mako daɗi a wurin, domin babu wanda aka ci tukuna, kowa zakara ne. Kafin a take ƙwallo an riga an raba gado: wane zai ɗauki kofi, wane zai zo na huɗu, kocin wane ba zai ga sanyin Disamba ba. Magoya bayan Arsenal sun fi kowa ƙarfin zuciya. Ƙungiyarsu ta zo ta biyu sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, kuma kowane Agusta cikin waɗannan shekaru maganarsu ba ta sauya ba: "Bana tamu ce." Ban taɓa jin wani a rumfar ya yi wa Zamfara United irin wannan lissafi ba, ko da yake ta taɓa buga babbar gasar Najeriya, a nan filin wasa na Sardauna. Amma wannan wani ciwon ne daban.

Ba laifin hasashe nake gani ba. Bahaushe da kansa ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kuma babban mai hasashen da na sani ba a gidan kallo yake ba, kawuna ne, manomi a ƙasar Bungudu. Shekarar da ya ga alamun sama sun yi masa, yakan yi bizne, abin da Kanawa ke ce wa binne: ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya tarar da shi a ciki. Yana sauraron abin da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara game da saukar damina da ɗaukewarta, ya haɗa da abin da idonsa ya gani na iska da zafi da tofon itatuwa, sannan ya yanke shawara. Wata shekara ya ci riba, geronsa ya riga na kowa nuna, ya yi tumu maƙwabta na kallo. Wata shekara kuwa a yi ɗan yayyafi, irin ya tsiro, ruwa ya ɗauke mako biyu, rana ta ƙone shi ƙurmus.

Abin da na lura da shi a shekarar asarar shi ne abin da kawu bai yi ba. Bai tsaya a bakin gona yana zagin gero ba. Ya ce, "Ni na yi gaugawa." Ya koma rumbu ya kwance wani irin, ya sake shuka.

Mu kuwa 'yan kallo, geron muke zagi.

Dubi Ahmed Musa. A kakar 2015 zuwa 2016 Leicester City ta yi abin da ya kunyata duk wani mai hasashe a duniya. Ƙungiyar da ta sha da kyar daga faɗuwa a shekarar da ta gabata, wadda kamfanonin caca na Ingila suka ce wanda ya zuba mata fam 1 zai kwashi fam 5,000 in ta ci kofi, ita ce ta ci, da maki 81. Cikin watan Yulin 2016 ta sayo Musa daga CSKA Mosko. Farkon Agusta aka yi wasan share fage da Barcelona a Stockholm, aka ci Leicester 4 da 2, kuma duka biyun Musa ne ya zura su. Wanda ya kalli ta farkon ba zai manta ba, tun daga tsakiyar fili ya ɗauko ƙwallo ya bar masu tsaron baya suna bin ƙurarsa. A daren nan, daga Gusau har Tsafe, an gama yanke hukunci. Wasu sun ba shi ƙwallo 20 a gasar Firimiya, wasu sun riga sun sayar da shi ga Real Madrid.

Ƙwallo 2 ya ci wa Leicester a gasar. Yawancin lokaci a benci yake. A watan Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, wata tara kacal bayan ya ɗaga kofi. A Janairun 2018 Musa ya koma Mosko aro. Sai bakunan da suka kai shi Madrid suka juya: ai dama gudu kawai ya iya, ai ba ɗan wasan Turai ba ne, ai ya ƙare.

Wa ya yi alkawarin ƙwallo 20? Musa bai yi ba. Mu muka ci bashin, muka rubuta da sunansa, muka zo muna binsa. Wasan Barcelona yabanya ce, kore shar, mai sa mai wucewa ya tsaya ya ce tubarkalla. Manomi ya san kirarinta, ya san addu'ar da ake bin ta da ita, Allah ya fisshe ta fari, domin tsakaninta da rumbu akwai fari, akwai ƙuduji, akwai tsutsa, akwai jan-baki. Kuma ko an ga gona ta gaza, mai hankali yakan tambayi wace irin ƙasa ce kafin ya ce irin ne ba shi da kyau. Musa ya tarar da Jamie Vardy da Riyad Mahrez da Shinji Okazaki sun kama wuri, aka ƙara sayo Islam Slimani bayansa. Kawuna ma dammunansa sun ragu a 'yan shekarun nan, ba don hannunsa ya mutu ba, sai don babbar gonarsa ta cikin daji ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, kamar dubban gonaki a Tsafe da Bungudu. Wanda zai auna shi da yawan buhu kaɗai, ya ce ya zama rago, ya zalunce shi.

Wata biyar bayan an ce Musa ya ƙare, ranar 22 ga Yunin 2018 a Volgograd, ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. In aka haɗa da biyun da ya ci Ajantina a 2014, sun zama 4, kuma babu ɗan Najeriyar da ya taɓa cin haka a gasar kafin shi. Rumfar Tudun Wada ta sake juyawa, har da masu rantsuwa cewa su dama sun faɗa.

A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki a ruga a zagaya fili. Babu wasan da aka fi yi wa lissafi kamarsa. Kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a shekara, alƙaluman wasanninsu a rubuce suke fiye da shekara 100, kuma kafin a fara gasa cikin bazara kwamfutoci sun riga sun fitar da yawan wasannin da kowa zai ci. Duk da haka, in aka zo maganar wa zai shiga zauren gwarzayensu da ke garin Cooperstown, ba sa yarda da zafin kallo. Sai ɗan wasa ya shekara 5 da ajiye kulki kafin a sa sunansa a takardar zaɓe, kuma sai ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubuta wasanni. Wannan jira ya burge ni. Ƙaramin ɗan'uwa ne ga maganarmu ta cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Can ma lissafi bai raba gardama ba. Barry Bonds ya fi kowa yawan dukan da ke fitar da ƙwallo bayan katanga, har 762. Shekara 10 sunansa na kan takardar zaɓe, daga 2013 zuwa 2022, marubutan suka ƙi ba shi kason da ake bukata, saboda zargin ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari. Damin ya fi na kowa girma, amma masu awo sun ce ba su yarda da takin da aka sa masa ba. Duk matar da ta taɓa sussuka ta san girman dami ba shi ne yawan tsaba ba. Sai an zuba a turmi, an sheƙe, iska ta ɗebi ƙaiƙayinta, sannan a kawo tiya.

Mu namu wasan na gado ma bai san takarda ba. A al'ada, dambe ɗan kaka ne na gaskiya: sai an kawar da amfanin gona, hatsi ya shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, sannan 'yan dambe, waɗanda asalinsu yawanci mahauta ne, suke bin gari gari ana buga kalangu. A da ba a ajiye littafin kisa. Shahararren ɗan damben nan Shago ya yi zamaninsa babu mai riƙe da alƙalami a bakin fage, amma har gobe in ana zancen dambe a ƙasar Zamfara da Sakkwato sai sunansa ya fito, domin makaɗi Ɗan Anace ya ɗauke shi ya sa a waƙa, waƙar kuma ta fi ƙarfin mantuwa. Wani zai ce to ai wannan ma ba adalci ba ne, wanda ya samu makaɗi ya rayu, wanda bai samu ba ya bi iska. Gaskiya ne. Na tabbata an yi barden da hannunsa ya kai na Shago nauyi, ya mutu a ƙauyensu babu mai kiran sunansa.

Amma dambe yana da wani ma'auni da ban ga kamarsa a ƙwallo ba, kuma a cikin sunaye yake. Saurari yadda ake kiran 'yan wasa a fage, ko na ɓangaren Arewa ne ko na Kudu ko Guramada: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Yaro yana shiga fage ɗauke da sunan ubangidansa. In ya yi kisa, an ambaci wanda ya naɗa masa kara tun yana ƙarami, ko da shi tuni ya daina, yana zaune a gefe da sandarsa, ko ma ƙasa ta rufe masa ido. Ɗan damben da ya kashe ƙato ɗari bai bar yaro ko ɗaya ba, ranar da ya kwance kara ranar labarinsa ya fara tsufa.

Da wannan ma'aunin nake so a riƙa duba 'yan ƙwallonmu. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, shi ya ci mana ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994. Ya rasu a watan Mayun 2012 bayan shekaru na kaɗaici a Ibadan, sai a lokacin kowa ya tuna girmansa. Mun yi masa jiran da ya wuce kima, ga Musa kuma mun yi gaggawar da ta wuce kima, har sau biyu. Shi kuwa a 2021 ya dawo Kano Pillars, ƙungiyar da ya ci wa ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai, ya sake sa rigar masu gida, yaran da ba su taɓa ganinsa ba sai a talabijin suka zauna da shi a ɗakin sauya kaya ɗaya. Abin da wannan zama zai haifar ba ya cikin kowane jadawali, kuma ba bana za a gan shi ba.

Kakar bara na je Bungudu na tarar da kawu zaune a gindin rumbu, an zube masa zangarniyar gero a kan tabarma, yana ɗauka ɗaya ɗaya yana juyawa. Mafi yawa ya jefa gefen da za a ɗaure a ci. Jefi-jefi ya ware wata ya ajiye a damansa. Irin baɗi yake fitarwa. Na ɗauko wata doguwa, kusan kamu biyu, wadda tun a gona take tsere wa 'yan'uwanta, na miƙa masa.

"Kawu, ga sarauniyarsu nan ka tsallake."

Ya karɓa, ya murza tsakiyarta da babban yatsa, ya buɗe tafinsa ya hura. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan suka rage, sauran duk suka tashi.

"Wagga tun tana tsaye kowa ke yabonta," in ji shi. "Kai ma ka yabe ta da ka zo cikin marka."

Ya jefa ta cikin na ci. Ya ɗauko wata gajera, mai kauri, wadda ƙwayarta ta matse har ba a ganin sandar ciki, ya auna nauyinta a hannu, ya sa ta a dama. Da ya tara abin da ya ishe shi ya ɗaure su da igiyar rama, ya kira ƙaramin jikansa ya hau ya rataye su can ƙuryar rumbu, inda hannun mai ɗibar tuwo ba ya kaiwa.